Yadda ake gyara niƙaƙƙen kifi ya yi danƙo kuma ya jure ajiya

Duk wadda ke sana'ar kuftar kifi, wato dunƙulen niƙaƙƙen kifi da ake soyawa, a Kosti ko Sinnar na ƙasar Sudan ta san ciwon kai uku. Ko kwaɓin ya ƙi haɗuwa ya wargaje a cikin mai, ko ya soyu amma cikinsa ya yi lugub, ko a yi shi da hantsi kafin la'asar ya soma ƙarni. Maganin da aka saba shi ne a ƙara fulawa. Fulawa tana riƙe shi, gaskiya ne, amma mai saye kuɗin kifi ya biya, kuma harshensa yana gane bambanci.

Akwai sinadaran da masana'antun kifi ke zubawa, yawancinsu ba su fi ƙarfin mai ƙaramin jari ba. Sai dai kowanne aiki ɗaya yake yi, a ƙayyadadden ma'auni, kuma babu ɗaya cikinsu da ke gyara kifin da ya riga ya sha rana. Duk ma'aunin da zan kawo a nan, 'yar'uwa, a kan kilo 1 ne na tsokar kifi da aka niƙa, aka wanke, aka matse.

Kifin da ƙanƙararsa

Mu da danginmu ke su tun daga Rusairis har Sinnar, da Jabal Auliya har Kosti, ba mu da uzurin sayen kifin da ya wuni a kan tebur. Ki sara da asuba, ki tafi da ƙanƙararki. A watannin zafi, daga Afrilu zuwa Yuni, kilo ɗaya na kifi kilo ɗaya na ƙanƙara yake ci, a farfasa ta a jera: ƙanƙara, kifi, ƙanƙara. Kifin yamma da ake karyar da kuɗinsa bai dace da wannan aiki ba, araha ba ta ado. Furotin da ke ba kwaɓi danƙo shi ne farkon abin da zafi ke lalatawa, tun kafin hanci ya ji komai.

Karfasa, wato bulti, ita ce gaba: tsokarta fara ce, mai kaɗan, danƙo mai kyau. Ki sani dai kusan kilo 3 za ki saya kafin ki sami kilo 1 na tsoka zalla, ki sa wannan a lissafin riba. Giwan ruwa ma yana yi, amma tsadarsa ta sa sai dai guntattakin da masu yanka ke ragewa, in sabo ne. Tarwaɗa ta fi araha da yawan nama, sai dai tana da maiƙo da duhun tsoka, don haka ta fi son wanki kuma ta fi saurin canza ɗanɗano a firiza. Kawara da tsage ƙananan ƙayoyi ne cike da jikinsu, a bar su ga masu fasikh da tarkin, wato kifin da ake cuɗe wa gishiri a ajiye har ya nuna.

Kayan aiki uku ba su da madadi: mafarama, wato injin niƙa nama, mai faranti mai ƙananan ramuka, milimita 3 zuwa 5, sikeli na lantarki ƙarami mai nuna ɗigon giram, irin na masu zinariya, da ma'aunin zafi mai tsinke. Na san za a ce iyayenmu ba su auna ba. Iyayenmu ba su zuba fosfet ba, sinadarin riƙe ruwa da zan yi bayaninsa a gaba. Abin da giram 3 nasa ke gyarawa giram 8 ya ɓata, ba a ɗibarsa da yatsa.

Niƙa da wanki

Ki fede kifin, ki cire tsokar daga ƙashi da fata, ki kankare baƙin da ke cikin ciki da jinin da ke bin ƙashin baya. Jan naman da ke ƙarƙashin fata, musamman na tarwaɗa, ki yanke shi, nan ne ƙarni da warin laka suka fi taruwa. Kan mafaramar da wuƙarta su kwana a firiza ko su yi rabin awa cikin ƙanƙara. Niƙa ɗaya ya isa, biyu in kina son laushi.

A nan ne al'adarmu ta girki ke cutar da mu. Mun saba wanke kifi da lemun tsami ko khal, wato vinega, kuma ga kifin suya hakan daidai ne. Ga wanda za a kwaɓa, tsami yana ƙanƙance tsoka ya sa ta saki ruwanta, daga nan ba za ta ƙara yin danƙo ba ko an kwana ana kirɓa ta. Lemu ya jira sai an zo ci.

Wankin da ake so na ruwan ƙanƙara ne zalla. Awo uku na ruwa ga awo ɗaya na niƙaƙƙen kifi, a juya a hankali minti 5, a bari ya kwanta, a kwashe maiƙon da ya taso, a tsiyaye. Karfasa sau biyu, tarwaɗa sau uku. A wankin ƙarshe ki zuba gishiri giram 2 zuwa 3 a kowace lita, shi ke sa tsokar ta saki ruwa da sauƙi wajen matsa. Ki juye a ƙyalle mai tsabta, ki murɗe, har in kin damƙi tsokar a hannu ruwa ba ya ɗiga.

Wanki yana fitar da jini da mai da sinadaran da ke narkar da tsoka, kwaɓi ya fito fari ya ƙara danƙo. Amma yana tafiya da wani ɓangare na ɗanɗano da nauyi. A ganina, in kufta za ki soya ki sayar a ranar, wanki ɗaya ya wadatar, domin mutanenmu sun fi son su ji kifi a bakinsu fiye da su ga fari. Cikakken wanki na mai ajiya ne.

Abubuwan da ake zubawa

Gishiri shi ne uban tafiya, giram 20 zuwa 25. Ba don ɗanɗano kaɗai ake sa shi ba. Shi ke narkar da furotin ɗin tsoka ya fito ya zama abu mai mannewa, wanda in ya ji wuta sai ya sarƙe ya kulle ruwa a ciki. Ƙasa da giram 15 narkewar ba ta cika, sama da 30 kuma ya yi wa baki yawa. Ki yi amfani da mai laushi, domin mai tsakuwa ba ya gama narkewa a kwaɓi mai sanyi. In za ki sa dunƙulen magi, ki tuna kusan rabinsa gishiri ne, ki rage daidai da haka.

Sitaci, wanda ake sayarwa da sunan nasha, giram 50 zuwa 80. Yana shan ruwan da kwaɓin zai zubar wajen dafuwa, ya kumbura ya cike gurbi. Na rogo ya fi ba da taushi mai jan baki kuma ya fi jure firiza. Na masara ya fi samuwa, amma in kaya ya kwana biyu a firji yakan yi tauri ya soma tsattsafo da ruwa. Fulawa ita ce ta baya a cikinsu. Da zarar an haura giram 100, kin tashi daga kifi kin koma ƙullu.

Farin ƙwai ɗaya ko biyu, ban da gwaiduwa. Yana ƙara fari da ƙarfi, kuma yana daƙile sinadaran nan masu narkar da tsoka lokacin dafuwa. Ga mai ƙaramin jari, wannan ya fi kowane garin kanti amfani.

Sai fosfet, wanda lambarsa a jikin buhu E451, giram 2 zuwa 3 kacal. Aikinsa ya taimaki tsoka ta riƙe ruwa, shi ya sa kaya ba ya bushewa bayan an fito da shi daga firiza. Ana narkar da shi a ɗan ruwan sanyi a zuba kafin gishiri. In ya yi yawa za ki ji ɗanɗanon sabulu, kaya ya yi santsi. Hattara biyu: wannan sinadari ana yin wani nau'insa don garin wanki, saboda haka ki saya wurin masu kayan burodi da sarrafa nama, a buhun da aka rubuta na abinci ne, da ranar ƙarewarsa. Na biyu, masu ciwon ƙoda an hana su yawan fosfet, in kina da irin waɗannan masu saye ki faɗa musu. In bai samu ba, bikarbonat, wato bekin soda, giram 1 zuwa 2 yana ɗan riƙe ruwa, amma yana rage kwanakin ajiya. Kanwa kuwa ban yarda da ita a nan ba: ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule, kuma tana dusashe launi.

Sukari giram 10 yana daidaita ɗanɗano ya sa suya ta yi ja. Babban aikinsa dai a firiza yake. Kafin 1960 niƙaƙƙen kifi ba ya jure daskarewa, in an narkar sai ya fito soso-soso. A wajajen shekarar ne masu bincike a tsibirin Hokkaido na Japan suka gano cewa sukari yana kare furotin daga lalacewar sanyi, kuma a kan wannan aka gina sana'ar surimi, wato wankakken niƙaƙƙen kifi da ake daskararwa, ta duniya. Ma'auninsu a kilo shi ne sukari giram 40, sobitol (wani ɗan'uwan sukari mai ƙarancin zaƙi) giram 40, fosfet 2 zuwa 3. Ga bakinmu wannan ya yi zaƙi, kuma sobitol ba ko'ina ake samunsa ba, don haka sukari giram 30 zuwa 40 da fosfet sun isa ajiyar wata ɗaya ko biyu. Abin kiyayewa: ɗanyen kifin da za a daskarar ba a sa masa gishiri. Gishiri a firiza yana saurin kashe danƙo ya kuma tayar da warin tsohon mai. Sai ranar aiki, bayan ya narke, ake zuba shi.

Bitamin C, lamba E300, rabin giram ko ƙasa da haka. Yana jinkirta lalacewar mai, don haka mai aiki da tarwaɗa ta fi bukatarsa. Garinsa zalla ake so, ba ƙwayoyin kyamis masu tafasa a ruwa da ƙanshin lemu ba.

Sobet, wato potasiyam sobet, lamba E202, kada ya wuce giram 1. Shi ne wanda aka fi tambaya, kuma shi aka fi ɗora wa abin da ba zai iya ba. Fumfuna da yis yake hanawa, kuma ya fi ƙarfi a abinci mai ɗan tsami. Kwaɓin kifi ba shi da tsami, saboda haka abin da sobet zai ƙara miki kwana ɗaya ne ko biyu a cikin firji, ba wai ya raba ki da firjin ba. Ɗan'uwansa benzowet, E211, sai a abu mai tsami sosai yake aiki, irin lemun kwalba. A kifi asarar kuɗi ne.

Tunda waɗannan ƙananan awo suna da wuyar ɗiba, ga dabara: ki auna giram 10 na sobet, ki narkar, ki cika ruwan ya kai mililita 100. Kowace mililita 10 a sirinji giram 1 ke nan. Haka ma za ki iya yi da fosfet da bitamin C, amma su a haɗa a ranar, ba sa jure zama a ruwa.

Wasu kan tambaya game da ƙaro, tunda ƙasar nan ce ke ba duniya mafi yawansa, kuma kasuwar Ubayyid ba ta yi mana nisa ba. Ƙaro, E414, yana narkewa ne ba tare da ya yi kauri sosai ba, kuma ba ya daskarewa da wuta. Yana da amfani a alewa da abin sha, amma ba zai ba kifi danƙo ba.

Kayan ƙanshi: tafarnuwa giram 10 zuwa 15, kazbara, shamar, shatta (barkono), masoro, gwargwadon bakin masu sayenki. Busassun ki ɗan gasa su a busasshen kasko kafin daka, domin kayan yaji na kasuwa suna ɗauke da ƙura da ƙwayoyin cuta. Albasa ɗanya ruwa ce, a soya ta ko a matse. Ɗanyar citta tana da sinadarin da ke narkar da nama, ki yi amfani da busasshiya, kaɗan.

Abubuwa uku kuma haramun ne a wannan sana'a ko wa ya ba ki shawara: boras, wanda wasu ke sawa don tauri, fomalin, ruwan da ake adana gawa da shi, da rinin tufafi. Guba ne, ba ma'auninsu ake nema ba. Duk garin da aka miƙo miki a leda babu suna babu lamba, ki mayar. Hukumar Muwasafat, mai kula da ingancin kaya a Sudan, ce ke da ƙa'idojin abin da aka halatta, mai niyyar kai kaya kantuna ta nemi takardarsu tun da wuri.

Jerin zubawa

Tsarin da aka bi yana da tasiri daidai da ma'aunin. Ki tanadi dakakkiyar ƙanƙara giram 100 zuwa 150. Ki fara murza tsokar ita kaɗai da ruwan fosfet minti ɗaya ko biyu. Sai gishiri da sulusin ƙanƙarar, a ci gaba da bugu. A nan za ki ga canji da idonki: abin da yake warwatse zai haɗe, ya yi sheƙi, ya riƙa bin muciya kamar asidar da ta tuƙu. Da inji minti 3 zuwa 5 ne, a turmi ko da hannu ya kai minti 15 zuwa 20. Sai bayan wannan ake zuba farin ƙwai, sannan sitaci da sauran ƙanƙara, sannan sukari, bitamin C, sobet da kayan yaji. In kina son taushi, man girki giram 20 zuwa 30 a ƙarshe. Wadda ta zuba sitaci ko mai kafin gishiri ya gama aikinsa ta shiga tsakaninsa da tsokar.

Duk tsawon wannan aiki kada kwaɓin ya haura digiri 10. Inji yana ɗumama abin da yake bugawa, don haka ki riƙa tsayawa kina soka ma'auni. Mai aikin hannu ta ɗora kwanonta cikin wani babba mai ƙanƙara. In kin ɗebo a cokali kin kife bai faɗo ba, ko kin jefa ɗan gutsure a ruwan sanyi ya taso, ya yi. Daga nan a dunƙula nan take, domin kwaɓi mai gishiri in ya zauna yakan fara kamewa da kansa, in aka sake murza shi kuma ya karye.

Wuta mataki biyu

Ki jefa dunƙulen cikin ruwa mai ɗumi, digiri 40, minti 20 zuwa 30, kada ya wuce haka. A wannan ɗumin ne furotin ke sarƙewa a hankali. Sai ki kwashe ki zuba kai tsaye a wata tukunya da ruwanta ya riga ya kai digiri 90, wato yana tsattsafo da ƙananan kumfa amma bai ɓarke da tafasa ba, minti 10 zuwa 20 gwargwadon girma, har tsakiyar dunƙulen ya kai digiri 75 zuwa 80.

Dalilin tukunya biyu shi ne, tsakanin digiri 50 da 70 sinadaran da ke narkar da tsoka suka fi kuzari. Wadda ta ɗora kifi a ruwan sanyi ta bar shi yana hawa sannu a hankali a kan gawayi, ta zaunar da shi a daidai wurin da zai ruguje, kuma yawancin kuftar da cikinta ke yin lugub daga nan ne. Tafasa mai ƙarfi ita ma tana fasa dunƙule. Da ya dahu a tsoma shi a ruwan ƙanƙara, a tsane, a bari jikinsa ya bushe kafin a ƙulla. Mai suya za ta ga wanda aka fara dafawa haka bai cika shan mai ba kuma ba ya wargajewa.

Gwajin inganci mai sauƙi ne. Ki yanka faifai mai kaurin milimita 3, ki ninka biyu, ki sake ninkawa. In bai tsage ba, kin kai matakin masana'anta. In ya tsage a ninkin farko, ki duba sabuntar kifin, sanyin kwaɓin da lokacin bugu kafin ki zargi sinadari. In kina gwada sabon ma'auni, ki raba kilo gida huɗu, ki canza abu ɗaya tak a kowane kaso, ki rubuta a littafi.

Dafaffe yana kwana 3 zuwa 4 a firjin da bai haura digiri 4 ba, wata uku a firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili. A kan tebur cikin zafinmu, awa ɗaya ce iyakarsa in babu ƙanƙara. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 wutar lantarki ba ta da tabbas a garuruwa da yawa, don haka wadda ba ta da sola ta yi daidai abin da za ta sayar a yini. Kada kuma ki yi sha'awar ledar da ake zuƙe wa iska: ƙwayar da ke haddasa gubar botulizim inda babu iska take yaɗuwa, kuma nau'inta na kifi yana iya girma ko a digiri 4. A jikin leda ki rubuta ranar yi, ki ambaci ƙwai da alkama in akwai, saboda masu borin jini.

Ga masu tarkin

Tarkin, wanda mutanen Dungula ke ci da gurasa kuma ya bazu har gidajenmu, shi ma kwaɓin kifi ne, amma dokarsa daban. A nan ruɓewa ake so, mai tsari, kuma linzaminta gishiri ne. Ana yawan rage shi don kaya ya yi saurin nuna, a nan haɗarin yake. A cire hanjin kifin, a wanke, a sa gishiri giram 200 zuwa 250 a kowane kilo na kifin tun ranar farko, a cuɗe shi ya ratsa ko'ina. Mai tsakuwa irin na Bur Sudan ya dace da wannan. A zuba a roba ta abinci ko tulu, ba gwangwani mai tsatsa ko jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin gona ba, a rufe da ƙyalle saboda ƙuda. Maganin ƙwari ba ya kusantar kifi ko da wasa. Sobet giram 1 a kilo bayan ya nuna yana rage fumfunar sama, iyakar abin da zai yi ke nan.

A Afrilun 1991 a Alƙahira, fasikh da aka yi da kifin da ba a cire wa hanji ba ya kwantar da mutum 91 a asibiti, 18 suka rasu. Gubar botulizim ce ta yi wannan, kuma ba ta da wari ko ɗanɗanon da za a gane ta da shi, amma tafasa ta minti 10 tana karya ta, don haka tarkin da fasikh a dafa su sosai a miya, kada a lasa ɗanye. Wanda ya ci, bayan wasu awanni ko kwana ɗaya zuwa biyu ya soma ganin abu biyu-biyu, fatar idonsa na saukowa, haɗiya ko magana na yi masa wuya, a kai shi asibiti a lokacin, a gaya wa likita abin da ya ci, a kuma nemo duk waɗanda suka ci tare da shi.